Kalmar Gwaji Da Ƙwayar Deksa

Akwai wata kalma da na daɗe ina son in kawo ta wannan zaure namu mu juya ta tare, domin kuwa mu da muke sana'ar kalmomi ya kamata mu riga kowa ganewa idan kalma ta kamu da ciwo. Kalmar ita ce gwaji. A makarantar da nake koyarwa a ƙasar Yawuri, gwaji abu ne na kowane mako, yara su yi gunaguni su ɗauko biro. Tela yana kiran mai riga ya zo gwaji. Mai sassaƙa jirgi ba ya miƙa shi ga mai shi sai ya tura shi ruwa ya ga ko yana yoyo. Duk wannan babu mai jin tsoro. To amma ka haɗa kalmar da magani, ka ce gwajin magani, nan take za ka ga fuskar dattijo ta canza, uwa ta jawo ɗanta jikinta. Ina so in yi magana a kan yadda aka yi haka, kuma zan bi ta kan wata 'yar ƙwaya da kowa ya sani.

Sunanta deksametason, amma a wajenmu deksa kawai ake cewa. Babu kemis ɗin da ba ta, haka ma masu yawo da magani a faranti ran kasuwar Yalwa ko ta Warra. Masunci ya kwana kan ruwan Kainji yana jan koma, gari ya waye gaɓoɓinsa duk sun yi tsami, sai ya je a yi masa haɗi, ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulle cikin leda, kuma da wuya ka rasa deksa a ciki. Manomin albasa da ya yini a duƙe shi ma haka. Sannan ga 'yan mata da ke shan ta gab da biki domin su yi ƙiba, abin da ake wa laƙabi da sha ka fashe. Kumatu kam sukan ciko, fuska ta yi zagaye kamar faifai, sai dai abin da ya taru ruwa ne da kitse a inda bai kamata ba. Wanda ya daɗe yana shan ta yana iya gamuwa da hawan jini, da hauhawar sukari, da gyambon ciki, da raunin ƙashi, sannan garkuwar jikinsa ta yi sanyi har tsohon tarin fuka da ya kwanta ya farka. Idan kuma ya bar ta rana ɗaya bayan ya daɗe a kanta, jiki na iya zubewa, domin ya riga ya rage yin irin sinadarin da ƙwayar take kwaikwayo.

Ba maganin banza ba ne fa. Tun 1957 aka haɗa shi, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 1977. Aikinsa shi ne kwantar da kumburi, wato ya sassauta faɗan da jiki yake yi idan ya ji baƙon abu ya shigo. Likitoci suna ba da shi ga mai asma idan ta yi tsanani, da mai kumburin ƙwaƙwalwa, da mace mai shirin haihuwar bakwaini domin huhun jaririn ya yi ƙwari. Ga araha, har a Turai ma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Da annobar korona ta ɓarke, wadda aka tabbatar da shigowarta Nijeriya ta Legas ranar 27 ga Fabrairu, 2020, likitocin duniya sun lura da wani abu game da waɗanda ciwon ya kai su asibiti. Makon farko zazzaɓi ne da tari, ƙwayar cutar tana ta hayayyafa. A mako na biyu kuwa, lokacin da ƙwayar ta fara ja da baya, a nan ne wasu numfashinsu yake sarƙewa. Dalili shi ne garkuwar jiki ta ɗauki zafi ta ƙi tsayawa, huhu ya kumbura ya cika da ruwa, iska ta kasa ratsawa zuwa jini. Duk wanda ya taɓa ganin yara sun cinna wa ciyawa wuta da rani domin su kori gafiya, gafiyar ta tsere, wutar kuma ta bi iska ta cinye rumbun mutane, ya san irin wannan ɓarna. Sai tambaya ta taso: me zai hana a ba su maganin kwantar da kumburi?

A nan fa likitoci suka rabu. Wasu suka ce wannan shi ne daidai. Wasu suka ce idan ka sassauta garkuwar jiki alhali ƙwayar cuta na nan, ka buɗe mata ƙofa ke nan. Masu wannan ra'ayi na biyu suna da hujja, domin a annobar numfashi ta 2003 da aka yi a Sin da maƙwabtanta an yi amfani da irin waɗannan magunguna ba tare da an ga amfani bayyananne ba. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya a farkon 2020 shawararta ita ce kada a riƙa ba masu korona irin wannan magani sai a cikin gwaji. Manyan masana ne a kowane ɓangare, kowa da littattafansa, mutane kuma suna mutuwa a kan gado. Ja-in-ja ba za ta raba wannan gardama ba ko da an shekara ana yi.

Abin da wasu malaman jami'ar Oksfod ta Ingila suka yi, ƙarƙashin Peter Horby da Martin Landray, shi ne suka kafa wani gwaji mai suna RECOVERY a watan Maris na 2020, suka shigar da asibitoci 176 na ƙasar Birtaniya. Duk majiyyacin da aka kwantar da korona, sai a yi masa bayani, ko a yi wa danginsa idan shi ba ya cikin hayyacinsa, a tambaye shi ko ya yarda. Idan ya ce a'a, a ci gaba da kula da shi kamar kowa. Idan ya yarda, sai kwamfuta ta jefa ƙuri'a: ko dai a ba shi kulawar da aka saba, ko kuma kulawar da aka saba haɗe da ɗaya daga cikin magungunan da ake gwadawa.

Wannan batu na ƙuri'a shi ne yake ɗaure wa mutane kai, kuma shi ne zuciyar al'amarin, saboda haka bari in tsaya a kansa da misali daga aikina. A ce na ƙirƙiro wata sabuwar hanyar koyar da rubutun insha'i, ina so in nuna wa shugaban makaranta cewa ta fi tsohuwa. Idan aka bar ni in zaɓi yaran da zan gwada ta a kansu, ko ban yi nufin ha'inci ba, hannuna zai kai ga masu zama a gaba, waɗanda suka karya kumallo, waɗanda iyayensu suka saya musu littafi. Ƙarshen zango su ci jarrabawa, in buga ƙirji in ce hanyata ce. Alhali kuwa ko da tsohuwar hanyar da sun ci. Haka likita yake. Idan yana ƙaunar wani magani, zuciyarsa za ta kai shi ya ba wanda yake ganin zai tashi, ko kuma akasin haka, ya ajiye shi sai ga wanda ya fid da rai da shi, sai maganin ya ɗauki laifin mutuwar da ba shi ya jawo ba. Ƙuri'a ba ta san kowa ba. Idan mutanen suna da yawa, za ta raba tsofaffi da matasa, masu ciwon sukari da marasa shi, kusan daidai a ɓangarorin biyu, ya zama babu abin da ya bambanta su sai ƙwayar nan kaɗai.

Mutum 2,104 ƙuri'a ta faɗa wa deksa, miligiram 6 sau ɗaya a rana har zuwa kwana 10. Aka kwatanta su da mutum 4,321 da ba a ba su ba. Aka jira kwana 28 aka ƙirga waɗanda suka rasu. Ranar 16 ga Yuni, 2020 aka bayyana sakamako. A cikin waɗanda ciwo ya kai su ga na'urar da ke yi wa mutum numfashi, waɗanda ba su sami deksa ba kimanin 41 cikin 100 suka rasu, waɗanda suka samu kuwa 29 cikin 100. A cikin waɗanda iskar oksijin kawai ake ba su, 26 ne a can, 23 a nan. A lissafin masu binciken, idan aka ba mutum 8 da ke kan na'ura, an tsirar da rai ɗaya da yardar Allah, a masu oksijin kuma rai ɗaya cikin kimanin 25. Shi ne magani na farko da aka tabbatar yana rage mace-macen korona. A watan Satumba na wannan shekara Hukumar Lafiya ta Duniya ta canza shawararta, kuma hukumar lafiya ta Ingila ta ƙiyasta cewa zuwa Maris na 2021 maganin ya tsirar da rayuka kusan miliyan ɗaya a duniya.

Sai dai akwai kashi na uku a sakamakon, wanda bai iso kunnuwanmu da ƙarfin da na farko ya iso ba. Waɗanda aka kwantar amma numfashinsu bai kai ga neman oksijin ba, deksa ba ta amfane su da komai ba. Hasali ma, waɗanda suka sha ta kusan 18 cikin 100 suka rasu, waɗanda ba su sha ba 14. Masu binciken sun ce wannan tazara tana iya zama dace ne kawai, amma dai babu alamar amfani, akwai kuma dalilin yin hattara. Wato ƙwaya ɗaya, ciwo ɗaya, tana ceton wanda ya kai mako na biyu yana haki, tana iya cutar da wanda yake makon farko yana tari. Babu likitan da zai iya gane wannan da idonsa komai ƙwarewarsa, sai da aka tara dubban mutane aka ƙirga.

Wannan gwajin dai shi ne ya binne zancen dangin kulorokwin. Za ku tuna yadda aka yi ta rububinsa a watan Maris na 2020 bayan shugaban Amurka na lokacin, Donald Trump, ya yabe shi, har hukumomin Legas suka ba da rahoton mutanen da aka kwantar saboda sun sha ya wuce kima. A farkon Yuni na 2020 RECOVERY ta nuna ba ya rage mutuwa ga waɗanda aka kwantar, aka cire shi daga gwajin.

Da hunturun farkon 2021 wani kawuna, ƙanin mahaifiyata, masunci a wani ƙauye na bakin ruwa a ƙasar Ngaski, ya kwanta. Zazzaɓi da tari na kwana takwas, daga nan sai numfashi ya fara yi masa wuya, ko alwala ya tashi yi sai ya zauna ya huta. 'Ya'yansa suka kira ni a waya, na hau mota na je. Na tarar da shi a jingine da bango, domin kwanciya ta gagare shi, leɓɓansa sun yi duhu. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, wannan ciwo ya wuce na gida, a yi haƙuri mu tafi asibiti."

Ya daɗe yana kallona kafin ya tara iskar da zai yi magana. Ya ce, "Ɗan nan, kai da ka yi boko, kai ne za ka kai ni inda za a yi gwaji da ni? Ba ka ji abin da aka yi wa yaran Kano ba?"

Mutumin nan bai taɓa zuwa Kano ba. Ba ya karanta jarida. Amma labarin ya iso shi har bakin ruwa, ya zauna a ransa shekara ashirin da wani abu. Na ce masa, "Kawu, babu wanda zai yi maka komai sai da saninka, ni zan tsaya a kanka, duk abin da za a sa maka sai na tambayi sunansa." Sai da babbar 'yarsa ta yi kuka, limamin garin kuma ya sa baki, sannan ya yarda aka ɗauke shi. A asibitin da muka je an sa masa oksijin, wanda samunsa ya zame mana wani aiki na daban, ga tsada, ga na'urar da ke tace shi tana bukatar wuta, mu kuma da muke zaune a bakin tafkin da aka datse tun 1968 domin samar da lantarki da janareto muka dogara. Likita ya duba shi ya rubuta magunguna, na karɓi takardar na karanta, sai ga deksametason a ciki, miligiram 6, daidai yadda aka gwada a Ingila. Bayan kwana tara aka sallame shi.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi tsaya mini a rai. Kawu ya koma gida ya shaida wa kowa cewa ashe duk wannan wahala deksa ce maganin, wadda ake sayarwa a bakin kasuwa. Daga ranar, duk wanda ya yi tari a unguwarsu sai a ce a sayo masa irin ta Baba. Na yi bayani har na gaji, cewa shi an ba shi ne a lokacin da ya dace, tare da oksijin, likita na duba sukarinsa, kuma mutum ɗaya da ya warke ba ya zama hujja, tunda ko a Ingila yawancin masu oksijin da ba a ba su deksa ba sun tashi. Sai a yi murmushi a ce, "Malam ke nan, ai mun gani da idonmu." Mutumin da ya ƙi asibiti don tsoron gwaji, shi ne ya buɗe wa ƙauyensu gwajin da babu likita, babu awo, babu mai ƙirga wanda ya amfana da wanda ya cutu.

Ban ga laifin tsoronsa ba, domin yana da tushe. A 1996, ina ƙaramar sakandare, annobar sanƙarau ta mamaye Arewa da bazara, ta kama mutane sama da 100,000, ta kashe kusan 12,000. Ina tuna yadda aka riƙa hana mu kwana cikin ɗaki a cunkushe. A cikin wannan hali ne kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Asibitin Zana na Kano ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara. Yara 200 ne, kimanin rabi aka ba su Trovan, sauran aka ba su wani sanannen magani domin kwatantawa. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya tsaya a kan cewa sanƙarau ce ta yi wannan ɓarna, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyaye da dama kuwa sun ce ba su san gwaji ake yi ba, sun ɗauka magani ne kawai ake ba 'ya'yansu. A Disamba na 2000 jaridar Washington Post ta tono maganar. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa ƙarƙashin Dokta Abdulsalami Nasidi ya gano cewa gwajin ya saɓa ƙa'ida, kuma takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna an rubuta ta ne daga baya aka mayar da kwanan watanta baya. A 2009 kamfanin ya sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da ya amsa laifi ba, kuma sai a 2011 iyalai na farko suka fara karɓar diyya.

Ku lura, 'yan'uwa, a Kano ma an raba yara kashi biyu an kwatanta, kamar yadda aka yi a Ingila. A wajen lissafi duk tsari ɗaya ne. Inda aka rabu shi ne wajen mutunta mai ciwo: shin an gaya masa gaskiya da harshen da yake ji, shin ya san yana iya cewa a'a a ci gaba da duba ɗansa, shin akwai wasu masu zaman kansu da suka duba tsarin kafin a fara, shin an tsaya an bi lafiyar yaran bayan an gama? Ɓarnar da rashin waɗannan ya jawo ta wuce yara 200. Lokacin da aka ƙaurace wa allurar shan inna a Kano a 2003 zuwa 2004, zancen Trovan yana cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi, cutar kuma ta sake bazuwa har ƙasashen waje. Sai a Agusta na 2020 aka tabbatar da Nijeriya, da Afirka baki ɗaya, ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna ta daji. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne an taɓa yin gwaji a Arewa wanda mu mutanen bakin kogi muka ci moriyarsa. Dattawanmu sun san makantar bakin kogi, wadda ɗan baƙin ƙudan nan mai hayayyafa a ruwa mai gudu yake yaɗawa, sun san lokacin da za ka ga yaro yana jan babba da sanda a ƙauyukan gaɓar Kwara. A ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 Farfesa Adenike Abiose da abokan aikinta suka yi gwaji a ƙauyuka sama da 30 na Jihar Kaduna, inda ƙuri'a ta raba mutane, wasu suka riƙa karɓar ibamektin sau ɗaya a shekara, wasu kuma ƙwayar da ba ta da magani a ciki. A 1993 suka buga sakamako a mujallar likitoci ta Lancet, cewa maganin yana rage lalacewar jijiyar ido. Wannan ƙwaya ce Mectizan da aka riƙa rabawa gida-gida ana auna tsawon mutum da sanda. Manoman Kaduna da suka shiga wannan gwaji ba su san mu ba, amma idanun mutane da yawa a nan suna da bashinsu. Ita ma ibamektin ɗin, da aka yi ta yayata cewa tana maganin korona, an gwada ta da ƙuri'a a Barazil, sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna ba ta hana ciwon kai mutum asibiti. Ta yi aiki a inda ta yi, ta gaza a inda ta gaza, kuma hanya ɗaya ce ta nuna duka biyun.

Masu RECOVERY ba su tsaya a nan ba. Sun tambayi abin da kowane mai haɗa magani a kasuwa yake ɗauka ya san amsarsa, wato idan kaɗan ya yi amfani, ai da yawa zai fi. Suka gwada miligiram 20 a maimakon 6 a kan masu oksijin da ba su kai ga na'ura ba. Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna 19 cikin 100 suka rasu a masu babban awo, 12 a masu ƙaramin, har sai da aka dakatar da shigar da irin waɗannan majiyyata cikin wannan sashe. Daga baya suka juya ga mura mai tsanani da ciwon huhu na yau da kullum, domin abin da ya tabbata a korona ba lallai ya tabbata a wata cuta ba, ko da alamunsu sun yi kama. Wannan kuwa ya shafe mu kai tsaye, tunda duk hunturu muna binne tsofaffi da jarirai saboda ciwon haƙarƙari.

To ina ruwan marubuci da duk wannan? Na karanta littattafanmu na hikaya da yawa, kuma kusan duk inda asibiti ya fito, hoto ɗaya ne: likita ya fito ya cire tabarau ya girgiza kai, ko kuma a yi wa jaruma allura ɗaya ta buɗe ido ta kira sunan masoyinta. Ban taɓa cin karo da labarin uwar da aka miƙa wa takarda aka ce ta dangwala yatsa alhali ɗanta yana sanƙarewa a cinyarta ba, ko na matashin likita da ya yi imani da wani magani amma dole ya bar ƙuri'a ta hana majiyyacinsa shi. Ga tashin hankali na gaske, ga zaɓi mai wuya, duk abin da labari yake nema, mun bar shi a ƙasa.

Akwai kuma wani aiki da ya fi wannan gaggawa. Tun 2007 Nijeriya take da kundin ƙa'idojin binciken lafiya, wanda ya wajabta a nemi yardar mutum bayan an fahimtar da shi. Fahimtarwa kuwa aikin harshe ne. Takardun neman yarda da Turanci ake tsara su, sannan a ba wani ya juya su cikin gaggawa, su fito da Hausar da ko ni mai koyar da ita sai na karanta sau biyu. Alhali wanda za a karanta wa wataƙila Bagunge ne ko Bakambare ko Badakkare wanda Hausar ma harshensa na biyu ce, ga shi a tsorace, ga ɗan'uwansa yana haki a gado. Na zauna da dare na gwada rubuta irin wannan takarda da kaina, kamar kawuna zan karanta wa. Farkonta bai yi wuya ba: wannan magani ba mu tabbatar ko yana taimako a ciwonka ba, shi ya sa muke gwadawa, in ka ƙi, babu abin da zai ragu daga kulawar da za a yi maka, in ka yarda yau, gobe kana iya fasawa. Inda na daɗe ina gogewa ina sakewa shi ne jimla ta huɗu, wadda za ta gaya wa dattijon da ya ɗauki likita a matsayin masani cewa likitan nan da ke tsaye a kansa ba shi zai zaɓa masa ba, ƙuri'a ce, kuma an yi haka ne domin a kāre shi da waɗanda za su kwanta a gadon bayansa. Na rubuta ta sau bakwai. Duk ɗan ƙungiya da yake ganin zai iya fitar da ita cikin kalmomi ashirin da tsoho zai ji ya gane ba tare da ya tashi ya nemi takalmansa ba, ya aiko wa edita, a buga a fitowa ta gaba mu kwatanta.